Takalmin Zomo a Gwangwanin Fenti

Ruwan ɗorawa ne! Na je, na gani da idona, na durƙusa na taɓa shi, kuma ga shi nan a inuwar shagona cikin gwangwani, mai gardama ya tako Tudun Wada ya duba. Tun da na dawo ba a bar ni na sha ko shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce, "Sani, yaya Kagoro?" Wancan ya ce, "Wai da gaske a kan ciyawa ka yi wannan uwar tafiya?" Kullum ina tsakiyar labari sai wani ya iso ya ce a koma farko. To ga shi na rubuta tun daga tushe, kowa ya karanta, ni ma bakina ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai fenti ne. Allon shagon aski, rubutun bayan mota, lambar gida, duk ina yi. Ba wanda ya koya min. Da gawayi na fara a bangon gidanmu, ana dukana ina ƙarawa. Kuma ni mayen tsofaffin littattafai ne. In ka neme ni ka rasa, duba wurin masu baza su a Kasuwar Barci.

Da aka ce soja za su miƙa mulki ga farar hula, sai kowace makaranta ta tashi tana son tambarin Najeriya a bangonta. Wata firamare a unguwar Nasarawa, nan cikin Kaduna, ta kira ni. Shugabar, Madam Hanatu, ta nuna min bangon da ke kallon titi ta ce in zana shi ƙato, in ya yi kyau kuma ajujuwa shida nawa ne: baƙaƙe, taswira, sassan jiki, duka. Ban taɓa samun aiki irin wannan ba. Wanda ya yi bangon makaranta ai ya fita daga sahun masu rubuta "ba a fitsari a nan".

Kun san tambarin: dawakai biyu farare, baƙar garkuwa, jar mikiya a sama. To ku duba ƙasa, inda kofaton dawakin yake. Akwai ciyawa, a cikin ciyawar akwai 'yan furanni, kuma kowa ja yake yi musu. Ni kuwa ina da wani littafin tsirrai na Turanci da na tsinta, ba bango ba sunan mai shi, an rubuta ƙarara a ciki cewa furen nan tsiro ne na dajinmu, a ƙasa yake shimfiɗe, launinsa kuma ruwan ɗorawa. Har da zanensa, sai dai baƙi da fari. Me zan jira? Na buɗe gwangwanin yalo na zuba musu.

Ranar Alhamis Madam ta fito ta tsaya a gaban bango.

"Sani, jan fenti ne ya ƙare maka?"

"A'a Madam, akwai shi. Ai furen ba ja ba ne."

Ta aika aka ɗauko littafin 'yan aji huɗu, ta buɗe ta nuna min. Ja. Na zaro nawa daga aljihu, ko kallonsa ba ta yi ba. Nan bakina ya ja min. A gaban malamai na ce, "Madam, ai wani ne ya fara yin ja, kowa ya bi shi ido rufe."

"Au, kai ne mai buɗaɗɗen ido a ƙasar nan? To ji nan. Litinin da safe akwai taron iyayen yara. Ka kawo min furen nan in gan shi. In ba ka kawo ba, ka mayar min da shi ja kafin a buga ƙararrawa, ajujuwan kuma in nemi wani. Ba zan ba mai ƙago abu da ka bangon da yara za su koyi karatu a kai ba."

Na ce, "An gama, Madam." Da ƙarfi kuwa na faɗa. Sai da na fito titi na tuna ko sunan abin da Hausa ban sani ba.

Washegari bayan an sauko Juma'a na nufi Baba Mai Saiwa, wani dattijo da ke baza maganin gargajiya a bakin masallacin unguwarmu. Ya karɓi littafin ya juya shi kai ƙasa, ya sake juyowa.

"Takalmin zomo ne wannan. Wasu su ce tabarmar zomo. Ɗan nan, a garin nan siminti ya cinye shi. Ka yi kudu, ƙasar duwatsu. Yanzu da ruwa ya sauka yake fitowa."

"Baba, furensa wane launi ne?"

"Ni saiwa nake sayarwa. Wa ya aike ni kallon fure?"

Daga nan sai Sabon Tasha, wurin Bulus kafinta, mai haɗa min katakon alluna. Shi ɗan wani ƙauye ne a gindin dutsen Kagoro. Ya dubi zanen ya ce shi katako ya sani, amma babarsa ba ganyen da ba ta sani ba a dutsen nan, kuma dama yana son kai mata wata kujera da ya ƙera. "Gobe Asabar mu yi sammako, azahar muna gida, ka hau dutse ka ciro abinka, Lahadi mu juyo." Shiri ya fita tsaf. A baki.

Ƙarfe shida muna tasha. Pijo ce, na leƙa na ga mutum biyar a ciki, na ce alhamdu lillahi saura mu. Muna zama sai uku suka fita suka koma kan benci. Ashe 'yan kamasho ne ke zaman cika ido. Sai wajen goma mota ta cika, aka ɗaure kujerar Bulus a sama ƙafafunta huɗu a miƙe, aka tsaya wurin masu jarka aka sha mai, sannan muka kama hanyar Kachia.

Kusa da ni wani tsohon soja ne da ya yi ritaya, kowa na ce masa Saja. Tun daga Kujama yake yanke wa farar hula hukunci, wai wata shida ya ba su. Wata mata mai kwalin 'yan tsaki a baya ta ce, "Saja, ku da kuka yi shekara da shekaru me kuka bar mana? Ga shi a jarka muke shan mai." Mota ta ɗauki dariya. Da aka gaji da siyasa aka juyo kaina, ina za ni, wurin wa. Ni kuwa dama jira nake. Na zaro littafi, na zaro ƙwandala mai tambarin a jikinta, na nuna musu ƙasan dawakai. Ƙwandalar nan ta zaga motar har hannun direba, yana tuƙi yana ƙura mata ido, wasu na salati wasu na kiran Yesu.

Saja ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce, "Duk ƙuruciyata na ƙare ta ina sara wa abin nan. Wallahi ban taɓa sanin akwai fure a ciki ba."

A hanyar na fara ganin abin da ban saba ba. Mata ɗauke da itace, amma ba a ka ba, a kafaɗa. Na ce me ya sami kawunansu? Mai 'yan tsaki ta ce, "Su a wurinsu kai sarki ne, ba a ɗora wa sarki kaya." Na tuna yadda ƙannena mata ke ɗora bokitin ruwa a ka har wuya na lanƙwasa, na ce lallai akwai magana a nan.

Kafin Kachia mota ta fara tururi kamar tukunyar dambu. Lagireto. Muka fito, aka tafi neman ruwa. Ni kuwa na ce ga daji ga ni, na faɗa ciki, duk abin da na hango yalo sai in ruga. Na dawo da furanni kala uku da ƙaiƙayi a ƙafafu, ba ko ɗaya da ya yi kama da zanen. Saja yana hango ni ya ɗaga murya, "Ofisa mai kula da ciyawa, an samu?" Sunan da ya bi ni ke nan. Sau uku motar nan tana tsayawa, sau uku ina shiga daji, a na ukun sai da na bi ta da gudu.

Kachia kuwa hancinka ne zai gaya maka ka iso. Citta! Mu a gida ɗan ƙulli ake sayowa a jefa a kunu, su nan a kan buhunanta suke zama suna hira. Muka ci soyayyar doya da yaji mai sa hawaye, na yi salla, muka ci gaba. A Kafanchan Saja ya sara min ya wuce, muka hau acaɓa biyu, Bulus da kujerarsa a ka. Yana nuna min wai bayan duwatsun can Filato ce. Ni da nake zaton iyakar jiha ƙofa ce da mai gadi, ba komai sai dutse da gajimare. Rana na faɗuwa muka shiga ƙauyen. Azahar ɗin Bulus ke nan.

Babarsa, Mama Saratu, gajeriyar tsohuwa ce mai hannu kamar na maƙeri, manomiyar citta. Ta rungume ɗanta, ta zauna a kujerar ta miƙe ta sake zama, sannan ta dube ni. "Wannan ne Bahaushen naka? Ba a ba shi abinci a Kaduna ne?" Kafin in ajiye jaka an kawo min buta da sabuwar tabarma, ta nuna min kusurwar rumbu ta ce can ne gabas, nan matan Fulani masu kawo nono suke yin tasu. Ina idarwa sai ga zakara an miƙo min da wuƙa. Al'adarsu ke nan in sun yi baƙo Musulmi: shi zai yanka da hannunsa don ya ci da kwanciyar rai. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Matsalar ɗaya ce, ni ban taɓa yanka kaza ba, a gidanmu aikin babanmu ne. Ina gyara riƙo zakaran nan ya fizge, ya haye danga, ya faɗa wurin aladun maƙwabta. Na bi shi na yi turus a bakin dangar. Bulus yana dariya har da riƙe ciki: "Shiga mana, Ofisa, ba sa cizon masu fenti!" Shi ya kamo shi, na yi bisimilla na yanka.

Tuwon acca aka yi da miyar karkashi. Ku da ba ku taɓa ci ba, laushinsa ba a magana, ka ƙoshi amma ciki bai yi nauyi kamar na masara ba. Ana gamawa na fito da littafi. Mama ta duba, ta kwashe da dariya, ta faɗi sunansa da yarensu. Na maimaita sau uku, duk gidan na dariya, na haƙura.

"Abin da awaki ke takawa shi ka biyo tun daga Kaduna? Yana nan birjik a ƙarƙashin itatuwa, hanyar tsohon gari."

"Mama, wane launi ne?"

"Je ka huta. Gani ya kori ji."

Gari na wayewa na tashi Bulus. Muka bar gonaki, muka hau har inda duwatsu suke kamar an jera rumbuna, itatuwa sun yi inuwa, ƙasa baƙa mai danshi, ruɓaɓɓen ganye ko'ina. Ni ina ta ɗaga kai, don duk furen da na sani a Kaduna na gaban otel ne, mai tsayi. Bulus ne ya ce, "Malam, dubi ƙafarka."

Jama'a! Ganye huɗu ne, zagayayyu masu kauri, kowane ya kai tafin hannu, sun kwanta luf a ƙasa suna kallon gabas da yamma, kudu da arewa, kamar an shimfiɗa faifai huɗu. Ba kara, ba reshe. Bakin ganyen da ɗan ja-ja kamar an bi shi da siririn buroshi. Daga tsakiyarsu fure ɗaya tak ya leƙo, a buɗe kamar bakin algaita, gefensa da 'yar tattara kamar leshi. Launin kuwa, gwaiduwar ƙwan kazar gida. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Duk inda inuwa ta kai suna nan a tsakanin duwatsu, inda rana ke duka kuma babu ko ɗaya. Na yi kabbara har tsuntsaye suka tashi. Na zaro wani guntun katako da na shafa wa fentina tun a gida na kara kusa da shi, sai nawa ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki.

Nan na yi wautar 'yan birni. Na zaro leda na hau tsinka. Na ce in ɗaya shaida ne, ashirin ai kotu ce. Na cika leda na ƙulle bakinta tam don kada iska ta ɓata min, muka sauko ina fito.

Baƙo ba ya tafiya ba sallama, Mama kuma ta riga ta wuce coci, Bulus ya bi ta. Na zauna a tsakar gida ina jin ganguna da waƙa daga nesa. Mu huɗuba da salla nan da nan an gama, su kuwa abu ya ƙi ƙarewa. Wajen sha biyu na ce bari in leƙa dukiyata. Na kwance leda, wani ɗumi ya bugo ni. Furannin nan duk sun narke sun manne da juna, sun koma kalar miyar kuka ta jiya. Ba yalo ba ja. In na kai wa Madam wannan, cewa za ta yi daga kwatami na kwaso.

A haka suka same ni, Mama da ƙawayenta uku cikin kayan zumuntar matan coci iri ɗaya. Ta leƙa ledar ta tafa hannu.

"Wayyo ɗan Kaduna! Wa ya ce maka ana kai fure gari? Wannan ko a jikin uwarsa kwana ɗaya yake yi. Uwar ake ɗauka, da ƙasarta, mai cikin da ba ta haihu ba."

"To Mama, a taimaka a haƙo min, kada mota ta ƙare."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Yau Lahadi." Bulus ya matso ya gaya min a hankali, a garin nan ba mai taɓa fartanya ran Lahadi ko da ciyawa ta kai wuya. Sai gobe. Gobe kuwa ƙarfe takwas ana buga ƙararrawa a Nasarawa. Na ce to a ba ni fartanyar in je ni kaɗai. Mama ta ce in na je ni kaɗai, abin da na yi wa furen shi zan yi wa uwar.

Ta tsaya tana kallona tana kaɗa lemarta. Can ta ce, "Kai ranarka Juma'a ce ko?"

"E, Mama."

"Ka yi ta shekaranjiya?"

"Na yi."

"To Lahadi ba ruwanta da kai. Ɗauki fartanya. Ni ba zan taɓa komai ba, magana kawai zan yi. Baki ba ya hutun Lahadi."

Matan suka sa dariya, suka ce su ma sai sun ga ƙarshen abin. Haka muka hau dutsen nan da tsakar rana, ni a gaba da fartanya, tsofaffi huɗu da kayan coci da lema a bayana, Bulus a ƙarshe ya goya hannu a baya kamar sufeto.

Da ta ga inda na yi tsinka sai da ta yi min faɗa. "Ka aske su kaf kamar fara ta sauka!" Ta zaga ta zaga, tana ɗaga ganye da tsinin lema, har ta sami mai toho biyu a dunƙule a tsakiya. Na ɗaga fartanya na sara dab da gindi. Ƙas! Na datse shi biyu. Ashe saiwar a tsaye take nutsewa, doguwa, kaurin ɗan yatsa.

"Rogo kake haƙa? Ɗan'uwan citta ne, lallaɓa shi ake. Ga wani nan. Ja da baya taƙi guda. Zagaye shi. A hankali! Ajiye fartanyar, sa hannu."

Mata huɗu, umarni huɗu. Wannan ta ce dama, waccan ta ce hagu, Bulus na cewa, "Ofisa, a yi aiki!" Gumi har cikin ido. Sai a na uku, shi ma mai toho biyu, na ɗago shi ɗungurungum da ƙasarsa, ko ganye bai karye ba. Mama ta sa na mayar da guntayen da na datse cikin raminsu na rufe, ta ce za su sake tohowa, kuma ba a barin rami a buɗe a dutsen mutane. A gida aka samo wani tsohon gwangwanin fenti da suke ɗiban ruwa da shi, na huda gindinsa da ƙusa, na zaunar da tsiron, ta ce in lulluɓe da ɗanyen ganye yadda suke rufe gonar citta.

"Inuwa, ba rana ba," in ji ta. "In rani ya yi ganyen zai bushe ƙamas. Kada ka zubar, barci yake. Ruwan farko zai tashe shi, baɗi, baɗin baɗaɗa, har ka yi jikoki."

Motar ƙarshe muka tarar a Kafanchan, bas, tana shirin tashi. Kwandasta ya ce a sa gwangwani a but ƙarƙashin buhuna. Na ce sai dai ni a sa ni a but. A cinya na riƙe shi har Kaduna, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga shi sama kamar mai ɗauke da kwanon miya. A wani shinge bayan Kachia wani mai kaki ya leƙo ya ƙura wa ganyen ido.

"Kai, mene ne wannan ka rufe?"

"Furen gwamnati ne, ranka ya daɗe."

Ya sa na sauko. Na buɗe, na zaro ƙwandala, na fara bayani tun daga kofaton doki, fasinjoji na ta ƙorafi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya duƙa ya duba. A ƙarshe ya ce, "Oya, wuce. Ka riƙe shi da kyau, yanzu a hannunku farar hula yake."

Litinin da sassafe na buɗe. Toho na nan a dunƙule, ko motsi. Na ɗauki gwangwanin jan fenti ma a ɗaya hannun, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na hau acaɓa muka haye gada. Ina sauka a ƙofar makaranta na ɗaga ganyen rufi. Ya buɗe! Ɗaya ya buɗe tar, kamar ya san da taron.

Iyaye sun fara zama a benci, yara na layi. Na ratsa na dire gwangwani a kan teburin Madam. Ta duƙa. Na jira in ji ta yi maganar launi. Sai ta sa yatsa ta shafa ganyen, ta faɗi wata kalma da yarensu, ba da ni take ba.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Madam."

"Wannan ai a hanyar rafinmu yake. Muna yara mukan soka shi a kitso in za mu ɗebo ruwa, kafin mu dawo ya yi yaushi." Ta juya ta kalli bangon. "Rabona da garinmu da damina tun kafin a haifi yaran nan."

Wata malama ta ce, "To Madam, a mayar ja ne ko a bari? Littafi dai ja ya nuna."

"A bar shi. In masu duba makarantu sun zo sun yi magana, zan aika a kira shi, ya zo da gwangwaninsa ya yi musu bayani, tunda bakinsa ba ya gajiya." Ta juyo kaina. "Amma naka bai yi kama da shi ba, Sani. Ka zana min kamar soyayyen ƙwai. Ka gyara, sannan ka fara aji ɗaya. Kuma A ta zauna a A ɗinta, kada ka je ka karanto wani littafin ka canza min ita."

Ranar a gaban iyaye ta ɗaga gwangwanin, yara aji-aji suka zo suka leƙa. Kafin a tashi furen ya fara lanƙwashewa. Na biyun ya buɗe washegari, shi na ajiye a gabana na gyara na bango, na dama fenti sau huɗu kafin in kusanto launin.

Yanzu abin da ya hana ni sukuni guda ne. Mama Saratu da sunan da take kiransa, Madam da nata, Baba Mai Saiwa da nasa biyu, kuma na Mama da na Madam ko kama ba su yi ba. To ku fa? Wanda ya taso a ƙauye, ko yake zuwa gida da damina, ya tuna da kyau: ganye huɗu a kwance, fure ɗaya a tsakiya. Akwai shi a wajenku? Me kuke ce masa, me kuke yi da shi? Don Allah ku faɗa min. Madam ta yarda in jera sunayen a bangon aji shida, kuma zuwa yanzu huɗu kawai gare ni, biyu ma ban iya rubuta su ba.